Taura Biyu a Baki Ɗaya: Kundin Neman Maganin Suga da Mantuwa ta Kwamfuta

10 ga Fabrairu, 2025

Yau Malam ya sa hannu a takardar aikin, shi ya sa na buɗe wannan kundi. Abin da muke nema ba shi da tsawon faɗa: sinadari guda ɗaya, ƙarami, wanda zai toshe enzayim biyu, ɗaya mai hannu a ciwon suga, ɗayan mai hannu a cutar mantuwa. Kwamfuta ce za ta yi tankaɗen farko, abin da ya tsira a kai shi ɗakin gwaji.

Haɗa cututtukan biyu ba neman burgewa ba ne. Tun 1999 wani dogon bincike a kan tsofaffi a birnin Rotterdam na ƙasar Holan ya nuna haɗarin kamuwa da mantuwa ga masu ciwon suga ya kusa ninka na waɗanda ba su da shi. A 2005 Suzanne de la Monte da abokan aikinta na Jami'ar Brown a Amurka suka ga ƙwaƙwalwar masu cutar Alzaima, nau'in mantuwa mafi yawa, ba ta amsa kiran insulin yadda ya kamata, har suka laƙaba wa cutar "ciwon suga nau'i na uku". Likitoci ba su karɓi sunan a hukumance ba, ni ma ba zan sa shi a rubutuna ba, amma ruwa ba ya tsami banza. Suga mai yawa yana cinye ƙananan jijiyoyin jini, kuma bai san ya tsallake na ƙwaƙwalwa ba.

Da zan fita Malam ya ce, "Ka dai san taura biyu ba ta taunuwa." Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai a kwamfuta za a tauna, haƙori ba zai karye ba." Ya yi dariya, ya ce in riƙa rubuta abin da ya lalace ma, ba wanda ya yi kyau kaɗai ba.

24 ga Fabrairu

Mako biyu ina zaɓen abokan karawa. Enzayim furotin ne da ke hanzarta wani aiki a jiki, kuma yana da aljihun da yake kama abin da zai sarrafa. Magunguna da yawa ba wani abu suke yi ba illa su shige wannan aljihu su zauna, su hana mai wurin shiga.

Ta ɓangaren ƙwaƙwalwa na fara da BACE1, almakashin da ke yin yankan farko wajen samar da amiloyid, dattin furotin da ke taruwa a ƙwaƙwalwar masu Alzaima. A takarda babu na biyunsa. A asibiti kuwa maƙabarta ce. Kamfanin Merck ya tsayar da gwaje-gwajen verubecestat, maganin da ke toshe shi, a 2017 da 2018, aka tsayar da lanabecestat da atabecestat a 2018, umibecestat da elenbecestat suka bi sahu a 2019. Magungunan sun rage amiloyid ɗin, amma tunanin majinyata bai gyaru ba, na wasu ma ya ɗan ƙara dusashewa. Gemun manya ya kama da wuta, na shafa wa nawa ruwa.

Wanda ya fi ba ni sha'awa shi ne IDE, mai narkar da insulin, kuma shi ne dai ke narkar da amiloyid. Kamar don aikina aka halicce shi. Sai da na zana a takarda na ga tarkon: mai ciwon suga so yake a rage wa IDE ƙarfi don insulin ya daɗe a jini, mai Alzaima so yake a ƙara masa ƙarfi don ya share amiloyid. Igiya ɗaya, wannan na ja gabas wancan na ja yamma. GSK-3 beta shi ma yana da ƙafa a gida biyu, yana da ta cewa a ajiyar suga cikin hanta da tsoka, yana kuma liƙa fosfet a jikin furotin tau, wanda ke dunƙulewa a ƙwaƙwalwar masu Alzaima. Sai dai babban aljihunsa ya yi kama da na 'yan'uwansa fiye da 500 a jikin mutum, kuma tideglusib da aka gwada a kansa bai nuna amfani ga majinyata ba. Na ajiye shi a gefe, ban jefar ba.

Na tsaya a kan asetilkolinestares, wanda kowa ke taƙaitawa AChE. Shi ke farfasa asetilkolin, ɗan aiken da ke kai saƙo tsakanin ƙwayoyin jijiya. A Alzaima ƙwayoyin da ke samar da ɗan aiken suna mutuwa, don haka ake toshe AChE don ɗan abin da ya rage ya jima. Donepezil da aka amince da shi a Amurka a 1996, da rivastigmine a 2000, da galantamine a 2001, duk a nan suke aiki. Suna sassauta alamu ne kawai, cutar tana ci gaba da tafiyarta.

Ta ɓangaren suga na ɗauki alfa-gulukosides, enzayim ɗin hanji da ke ƙarasa yanka sitaci ya zama gulukos. Gaskiyar magana, na haɗa su ne don su na fi gani tare a takardun da na karanta. Ba hujja ba ce, amma yau ita ce da ni.

10 ga Maris

Na sauko da siffofin furotin daga rumbun PDB. An fara shi a 1971 da siffofi bakwai kacal, yanzu ya haura 200,000, kowa yana ɗiba kyauta. Na AChE na mutum na ɗauki mai lamba 4EY7, na 2012, wanda aka ɗauka da donepezil a cikinsa, da kaifin angistirom 2.35. Angistirom kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita.

Na yi awa guda ina jujjuya shi a allo. Tun 1991 da Joel Sussman da Israel Silman da abokan aikinsu a Cibiyar Weizmann suka fara ganin siffar, daga wani kifin teku mai lantarki, aka san aljihun ba a fili yake ba. Rijiya ce mai zurfin kusan angistirom 20, mai ƙunci, an jera amino asid, wato tubalan ginin furotin, guda 14 masu zobe a bangonta. Can ƙasa ne wuƙar take, wato amino asid uku, Ser203 da His447 da Glu334. Trp86 yana zaune kusa da gindin, Trp286 yana gadin baki. Abin mamakin shi ne duk da wannan ƙunci, enzayim ɗaya yana farfasa asetilkolin kusan 25,000 a daƙiƙa. Donepezil yana miƙewa ne a tsawon rijiyar kamar sakata, zobe ɗaya ya jingina da Trp86, ɗayan da Trp286. Ko taɓa wuƙar ba ya yi kai tsaye. Hanya kawai ya tare.

Rabin yini ya tafi a banza saboda lambobi. Tsofaffin takardu suna amfani da lissafin kifin, inda Ser203 yake Ser200, Trp286 yake Trp279. Ina ta neman Trp279 a furotin mutum ina zargin fayil ɗin ya lalace.

21 ga Maris

Mutanen ɗakin gwaji suna ce wa aikin gwada sa sinadari a aljihun furotin ta kwamfuta "dokin". Ni kuwa duk sanda na rubuta haka sai in ji saura in ƙara "sarki", don haka a kundin nan zaunarwa zan riƙa cewa. Manhaja tana ɗaukar sinadari, ta lanƙwasa shi ta jujjuya shi hanyoyi dubbai a cikin aljihun, ta ba kowane zama maki. Ina amfani da AutoDock Vina, wadda Oleg Trott da Arthur Olson na Cibiyar Scripps suka fitar a 2010.

Kafin a tambayi manhaja abin da ba a sani ba, sai a tambaye ta abin da aka sani. Na zare donepezil daga 4EY7 na ce ta mayar da shi. Ƙa'idar da aka saba ita ce ya dawo da saɓanin da bai kai angistirom 2 ba. Ya dawo kai a ƙasa, ƙafa a sama. Zoben da ya kamata ya tsaya a baki shi ne ya nutse gindi.

Laifina ne ta hanya uku. Na zana akwatin bincike ya lulluɓe furotin gaba ɗaya, har manhajar ta yi gargaɗin girmansa ya wuce angistirom 27,000 in an ninka faɗi da tsawo da zurfi, na share gargaɗin. Na bar kwafin furotin biyu da ke cikin fayil ɗin maimakon ɗaya. Sannan na kwashe duk ƙwayoyin ruwa kamar yadda jagororin masu farawa suke koyarwa, alhali wasu daga cikinsu su ne gada tsakanin maganin da bangon rijiyar. Na matse akwatin, na mayar da ruwan da ke riƙe da magani, na ɗaga ƙwazon bincike daga 8 zuwa 32. Ya zauna daidai.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, makin zaman ƙarya da na zaman gaskiya ba su da nisa da juna. Da babu hoton eksire a hannuna, da na ƙaryan na rubuta a matsayin sakamako, har da zane mai launi.

9 ga Afrilu

Ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, ta fitar da sabon lissafi a watan nan: manya miliyan 589 ke da cutar a 2024. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana sa masu mantuwa sama da miliyan 55, kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari Alzaima ce. Na kwafe su don gabatarwa. Ba su ne labarin makon ba.

Labarin shi ne rabin aikina ya rushe. Siffar alfa-gulukosides da na gani a takardu da dama, 3A4A, ba ta mutum ba ce, ta yis ce. Enzayim ɗin yis yana cikin dangi na 13, na hanjin mutum yana cikin dangi na 31. Suna ɗaya, aiki kusan ɗaya, amma ginin aljihun daban. Acarbose, maganin da ake auna kowa da shi, yana da ƙarfi a kan na mutum amma rago ne a kan na yis. Ke nan duk wanda ya gwada sinadarinsa a kan yis ya ce "ya fi acarbose", da gurgu ya yi tsere. Wannan yana gyaruwa, akwai siffar mutum mai lamba 2QMJ.

Wanda ba ya gyaruwa shi ne wannan. Acarbose yana aiki ne a cikin hanji, kuma kyansa shi ne ba ya shiga jini, abin da ke tsallakawa bai kai kashi 2 cikin ɗari ba. Nauyinsa ya haura 645, jikinsa duk sarƙar suga ce. Mai toshe AChE kuwa dole ya bar hanji, ya tsallake hanta, ya shiga jini, ya ratsa ƙwaƙwalwa. Ina neman sinadarin da zai zauna a gida kuma ya yi tafiya a lokaci guda.

Na kai wa Malam a sanyaye. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce, "Tun Fabrairu na gani. Da na faɗa maka da ka manta, yanzu ba za ka manta ba." Ban ji daɗin hakan ba a lokacin. Mun sauya zuwa DPP-4.

28 ga Afrilu

Bayan an ci abinci hanji yana sakin wani saƙo mai suna GLP-1, mai cewa a saki insulin. DPP-4 yana datse masa amino asid biyu daga kai, cikin kusan minti biyu saƙon ya mutu. Sitagliptin, wanda ya fito a 2006, yana toshe DPP-4 don saƙon ya daɗe. Shi wannan enzayim yana jikin bangon jijiyoyin jini yana kuma yawo a jini, don haka aƙalla maganinsa da na AChE za su fara tafiya a hanya ɗaya.

Siffar da na ɗauka 1X70 ce, da sitagliptin a ciki. In AChE rijiya ce, wannan kogo ne mai faɗi. Wuƙarsa Ser630 da Asp708 da His740. Kusa da ita akwai tagwaye, Glu205 da Glu206, masu cajin ragi, su ke damƙe kan duk abin da ya shigo. Gefe kuma wani ɗan lungu mai ƙin ruwa, inda zoben sitagliptin mai fulorin uku yake kwanciya.

A nan na ga ɗan haske. Aljihunan biyu suna son abu iri ɗaya: naitirojin mai cajin ƙari, da zobe a kusa da shi. Asetilkolin kansa yana ɗauke da irin wannan caji, donepezil ma haka. A kan wannan ɗan kamanni duk aikin ya dogara yanzu. Dole kuma in sa ido a kan DPP-8 da DPP-9, 'yan'uwansa na kusa, domin an ga guba a dabbobin gwaji lokacin da aka toshe su.

19 ga Mayu

Na yi wa manhajar jarrabawa ta biyu. Rumbun DUD-E na 2012 yana ba da sinadaran da aka tabbatar suna aiki, kowanne tare da 'yan basaja kusan 50, masu nauyi da maiƙo irin nasa amma gini daban. Ana cakuɗa su a ga ko za ta ɗago na gaskiya sama. Ta fi zaɓen makaho a enzayim biyun, amma ba da tazarar da zan yi alfahari da ita ba. 'Yan basaja da yawa sun zauna a sahun gaba.

Wannan ya sa na koma takardar asali ta Vina. Masu ita da kansu sun rubuta cewa kuskuren makinta ya kai kusan 2.85 a ma'aunin kilokalori. A zafin ɗaki, bambancin 1.36 yana nufin ƙarfin kamu ya ninka sau goma. To 2.85 ya zarce sau ɗari. Wato in an ce wannan ya ci −9.4 wancan −9.1, don haka na farko ya fi, maganar ba ta da ƙafa. Rariya ce mai manyan idanu: tana ware tsakuwa, ba ta bambanta gari da gari. Na yanke cewa maki zai yi mini aikin zubar da na ƙasa ne kawai, ba naɗa sarki ba.

16 ga Yuni

Babban tankaɗe ya kammala. Na ɗebo sinadarai daga COCONUT, rumbun abubuwan da ake samu a tsirrai da ƙananan halittu, mai sama da 400,000, da kuma wani yanki na rumbun ZINC wanda ake iya saya. Ban zuba duka ba, na fara tace masu naitirojin da zobe, na bar wasu ba tacewa don kwatance.

Saman jerin marasa tacewa ya cika da ƙatta. Rutin mai nauyin 610 da danginsa masu jelar suga sun mamaye enzayim biyun. Dalili a fili yake: manhajar tana ƙirga taɓawa ne, mai jiki da yawa kuwa ya fi taɓa bango. Na raba kowane maki da yawan manyan atom ɗin sinadarin, jerin ya kife. Sannan na bi da ƙa'idar da Christopher Lipinski ya fitar a 1997: nauyi kar ya wuce 500, maiƙo kar ya wuce 5, masu ba da haidirojin kar su wuce 5, masu karɓa kar su wuce 10.

Sai masu fuska biyu. A 2010 Jonathan Baell da Georgina Holloway sun jera tsare-tsare 480 na sinadaran da ke nuna kamar suna aiki a kusan kowane gwaji. Wasu suna dunƙulewa su shaƙe furotin, wasu suna liƙe masa ta ko'ina, wasu launinsu ne ke ruɗar na'ura. Quercetin da curcumin sun yi suna a wannan hali, kuma su ne za ka gani an ce suna maganin suga da mantuwa da daji da kumburi duk a lokaci guda. Abin da ke maganin komai a kwalbar gwaji, ina jin tsoronsa.

Ba raina tsirrai nake yi ba. Galantamine daga fure ya fito, metformin yana da asali a tsiron Galega, acarbose daga wata ƙwayar halittar ƙasa ce mai suna Actinoplanes. Sai dai kowannensu ya bi ta gwajin da ya fi ƙarfin zane a allo.

Bayan duk wannan, waɗanda suka zauna da kyau a aljihu biyun, da naitirojin ɗinsu a inda ya dace, ba su cika shafi biyu ba. Na duba su ɗaya bayan ɗaya da ido.

7 ga Yuli

Babu labari. Babbar kwamfutar tana hannun wasu har ƙarshen wata. Na rubuta babin hanyoyin aiki, na sake gudanar da na saman jeri sau uku da mafari daban, na zubar da waɗanda zamansu ke canzawa a kowane zagaye.

4 ga Agusta

Shingen da ke tsakanin jini da ƙwaƙwalwa ya kwashe fiye da rabin abin da ya rage. Ƙwayoyin bangon jijiyoyin ƙwaƙwalwa a manne suke ba tsaga, sai sinadari ya ratsa ta cikin maiƙonsu. Ana so ya zama ƙarami, fuskarsa mai son ruwa kar ta wuce murabba'in angistirom 90. Ko ya shiga ma akwai mai gadi, P-gp, famfon da ke tofo baƙo ya mayar da shi jini. Sitagliptin kansa kusan ba ya shiga ƙwaƙwalwa. Donepezil, mai nauyin 379, yana shiga. Na yi amfani da manhajar SwissADME wajen hasashe, ina sane da cewa hasashe ne a kan hasashe.

Sai wata matsalar da ban hango ba. Naitirojin mai caji haɗe da zobba masu maiƙo, wato ainihin abin da na yi murna da shi a Afrilu, shi ne kuma siffar da ke toshe hERG, wata ƙofar fotasiyam da ke daidaita bugun zuciya. Saboda ita aka janye terfenadine daga kasuwar Amurka a ƙarshen shekarun 1990. Na gudu wa gara zan faɗa gidan zago. Mabuɗin da ya buɗe ƙofa biyu, babu abin da ya hana shi buɗe ta uku. Na ƙara wani layi a jadawalin don wannan, da jan launi.

Saura goma sha ɗaya.

15 ga Satumba

Wannan shigarwa ta kunya ce.

Zaunarwa tana ɗaukar furotin kamar dutse, alhali a jiki numfashi yake yi. Don haka na shiga kwaikwayon motsi da manhajar GROMACS: a nutsar da furotin da sinadari a akwatin ruwa mai gishiri, a zafin jiki, a lissafa motsin kowane atom taki bayan taki. Kowane taki femtodaƙiƙa 2 ne, wato nanodaƙiƙa 100 taki miliyan 50 ke nan. Kwanaki na'ura take yi tana wannan, kuma ƙiftawar ido ɗaya ta ninka abin da ta kwaikwaya sau miliyan.

Sinadaraina suka riƙa sulalewa daga wurin Glu205 da Glu206 ɗaya bayan ɗaya. Har na fara rubuta cewa ba su da riƙo. Abokiyar aikina ta leƙo ta ce, "Ka gwada sitagliptin kansa?" Ban gwada ba. Da na gwada, shi ma ya sulale. Maganin da mutane ke sha kusan shekara ashirin, a kwamfutata ba ya kama enzayim ɗinsa.

Ashe tun Yuni, lokacin da na juya fayilolin zuwa siffa mai kauri, ban faɗa wa manhajar a yi shi a tsamin jini na 7.4 ba. Duk naitirojin ɗin suka fito ba caji. Na sitagliptin yana sauyawa ne a kusan 7.7, don haka a jini mafi yawansa yana da caji, a tsakanin tagwayen nan kuwa babu ko tantama. Zaunarwa ba ta fallasa kuskuren ba saboda Vina ba ta lissafa cajin lantarki a makinta sam. Na san haka a karatu, ban san shi a aiki ba. Wato abin da na gina aikin a kansa, jan da ke tsakanin ƙari da ragi, manhajar tankaɗen ba ta ganin sa.

Mako uku na lissafi sun tafi. Na gyara cajin, na sake komai daga zaunarwa, kuma yanzu donepezil da sitagliptin su ke fara shiga kowane zagaye. In ba su zauna ba, babu wanda za a duba.

13 ga Oktoba

Bayan gyara, shida sun tsaya a aljihu biyun a zagaye uku-uku. Biyu daga cikinsu ba sa cikin goma sha ɗayan Agusta.

Na gabatar a taron rukuni. Malam ya bari na gama sannan ya ce, "To, a ce ya yi aiki. Me ya sa likita ba zai ba tsoho ƙwaya biyu ba kawai?"

Na ce tsofaffi masu mantuwa suna fama da tarin ƙwayoyi, rage ɗaya ma sauƙi ne, kuma magani ɗaya ba ya rigima da kansa a hanta. Ya ce, "Donepezil miligiram 5 zuwa 10 ake sha a rana, sitagliptin 100. In majinyaci ya fara amai da gudawa, ko bugun zuciyarsa ya ragu saboda an matsa wa AChE, likita yana rage ɗaya ya bar ɗaya. A naka wanne zai rage?"

Ba ni da amsa mai kyau. Sai dai ƙarfin sinadarin a kan enzayim biyun ya faɗo daidai gwargwadon da ake so, kuma samun hakan ya fi samun kamun kansa wuya. Ya ƙara da cewa AChE ɗin nan shi ne wanda magungunan kashe ƙwari masu fosfet suke toshewa, bambancin magani da guba a nan shi ne yawa da kuma ko sinadarin yana sakin enzayim ɗin daga baya.

Mun amince in sauya yadda na rubuta manufar. Ba "magani" nake nema ba. Tambaya ce ƙarama: shin akwai ƙashin sinadari ɗaya da aljihunan nan biyu za su karɓa? Za a iya amsa ta da e ko a'a. Ya kuma ce in ƙara BChE, ɗan'uwan AChE, wanda ke ƙaruwa a ƙwaƙwalwa yayin da cutar ta yi nisa. Rijiyarsa ta fi faɗi, domin shida daga cikin zobba 14 ɗin nan babu su.

26 ga Nuwamba

Shekaranjiya kamfanin Novo Nordisk na Denmark ya sanar da sakamakon manyan gwaje-gwajensa biyu, evoke da evoke+, inda aka ba mutum kusan 3,800 masu Alzaima ta farko-farko semaglutide ko ƙwayar da ba ta da magani. Wasu alamun cutar da ake aunawa sun gyaru, amma ci gabanta bai ragu ba.

Wannan ya shafe ni kai tsaye. Semaglutide yana kwaikwayon GLP-1 ne, da ƙarfin da ya zarce abin da toshe DPP-4 ke bayarwa nesa ba kusa ba. A babina na farko na rubuta sakin layi biyu ina fatan ɓangaren DPP-4 zai kare ƙwaƙwalwa da kansa. Na goge su. Ana iya cewa an makara ne, wataƙila riga-kafi ya bambanta da magani, kuma ba a gwada wannan ba a nan. Amma ba zan jingina aikina da wataƙila ba. DPP-4 na suga ne, AChE na alamun mantuwa ne, iyakar abin da zan yi da'awa ke nan.

15 ga Disamba

Cikin shidan, huɗu ake iya saya. Biyun sai an haɗa su, kuma wannan aikin wani ne. Huɗun suna hanya.

Na gama rubuta tsarin gwaji. AChE da BChE za a auna su da hanyar George Ellman ta 1961: a ba enzayim asetiltiyokolin, abin da ya yanko ya haɗu da wani sinadari mai suna DTNB ya ba da ruwan ɗorawa, na'ura ta karanta a nanomita 412. In launin ya yi jinkirin fitowa, an toshe shi. Ɗaya daga cikin sinadaraina shi kansa rawaya ne a bayanin mai sayarwa, don haka kowane rami zai sami abokinsa marar enzayim, a cire launin asali. Za a maimaita komai da ɗigon sabulun Triton X-100, kashi 0.01 cikin ɗari, domin sinadarin da dunƙulewa yake yi yana rasa ƙarfinsa da zarar ya ji sabulu. DPP-4 kuma da Gly-Pro-AMC, mai ƙyalli in an yanke shi.

Ɗakin gwajin yana da AChE na kifin lantarki a firji, ya fi sauƙin samuwa. Bayan abin da yis ya yi mini a Afrilu na nemi a kawo na mutum, ko da za a jira. Malam ya sa hannu ba tare da ya ce komai ba.

Kafin kayan su iso na rubuta hasashena a takarda, wanne zai fi ƙarfi a kan wanne, na sa kwanan wata, na ba abokiyar aikina ta ajiye a aljihun teburinta. Farantin farko, na donepezil da sitagliptin kaɗai, an sa shi mako na biyu na Janairu.